Wa ke riƙe da linzamin kumbo a sararin samaniya?

Wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe a sakandare, daga cikin 'ya'yan Hausawan Jidda, ta aiko da tambaya. Ta ce an nuna musu bidiyon tafiyar 'yan sama jannatin Saudiyya Rayyanah Barnawi da Ali Alƙarni zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, malaminsu ya ce kumbon da kansa ya je ya manne da tashar, babu wanda ya tuƙa shi. Tana son ta sani: ƙirƙirarriyar basira irin wadda ake hira da ita a waya ce ke tuƙa kumbo? In ita ce, me ya sa har yanzu wasu ke faɗuwa a kan wata? Kuma in tana son wannan fanni, me za ta karanta?

Ƙanwata, Allah ya yi miki albarka da wannan tambaya. Aikina ke nan, tsara yadda na'ura za ta san inda take ta kuma riƙe kanta, don haka zan ɗan tsawaita.

Malaminku ya faɗi daidai. Kumbon Dragon da ya tashi daga Fulorida ta Amurka ranar 21 ga Mayu 2023 ya isa tashar washegari, ya kuma manne da ita da kansa. Shi da tashar kowanne yana gudun kusan kilomita 28,000 a awa ɗaya, a nisan kilomita 400 daga doron ƙasa, amma lokacin da suka taɓa juna bambancin gudunsu bai wuce santimita 10 a daƙiƙa ba. Sai dai abin da ya yi wannan aiki ba dangin manhajar hira ba ne ko kusa. Tun watan Oktoba 1967 Tarayyar Sobiyet ta haɗa kumbo biyu, Kosmos 186 da Kosmos 188, a sararin samaniya ba kowa a cikinsu. A lokacin kwamfutar da ke cikin wayarki ko a mafarki babu ita. Kumbo ya yi abu da kansa daban, ya yi shi da manhaja mai koyo daga misalai kuma daban, kuma mafi yawan abin da kike gani a bidiyo na farkon ne.

Ayyuka uku ne ke gudana cikin kumbo ba tsayawa. Yana tambayar kansa ina yake, da wane gudu, ina ya fuskanta. Yana lissafa hanyar da za ta kai shi inda aka aike shi da man da ya rage masa. Sannan yana kunna ƙananan injina ko ya juya wasu faya-faye masu nauyi da ke cikinsa don ya hau wannan hanya. Mutane sun fi sha'awar na ukun saboda shi ne mai wuta da hayaƙi. Mu da ke cikin aikin, na farkon ne ke hana mu barci. Kumbon da ya san inda yake, sauran lissafin tun zamanin Newton an san shi. Wanda ya ɓata a kan inda yake kuwa, zai yi komai daidai da ƙa'ida ya je ya tarwatse.

Ga yadda yake sanin inda yake. A cikinsa akwai akwati mai na'urori iri biyu, ɗaya tana jin juyawa, ɗaya tana jin ƙaruwa ko raguwar gudu. Da su kwamfuta ke tara lissafi: na tashi daga wuri kaza, na ji turi kaza na daƙiƙa kaza, ke nan yanzu ina wuri kaza. Matsalar ita ce babu na'urar awon da ba ta da ɗan kuskure, kuma wannan kuskure taruwa yake yi. A ɗakin gwaji mukan ajiye irin wannan akwati a kan tebur, a ɗaure shi tamau, ba ya ko motsi, amma kina kallon allo za ki ga lambar tana rarrafe a hankali, tana cewa ya juya. Ɗauki kuskuren da bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na mita a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa ba. Bayan minti ɗaya ya zama mita 18. Bayan minti goma ya zama mita 1,800. Don haka dole a samu wani shaida daga waje da zai riƙa gyara lissafin. Akwai kyamarar da ke ɗaukar hoton taurari ta gwada da jerin taurarin da aka ɗora mata, ta faɗi inda kumbo ya fuskanta. Akwai rada ko hasken leza da ke auna nisan ƙasa. Kusa da duniyarmu akwai GPS. Can nesa kuma akwai manyan faya-fayen sauraro na NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, a wurare uku: a Goldstone ta Kalifoniya, da kusa da Madrid, da kusa da Kanbera, manyansu masu faɗin mita 70.

To, in lissafin ciki ya ce kaza, shaidan waje ya ce kaza, wa za a gaskata? Nan ne zuciyar fannin gaba ɗaya. A 1960 Rudolf Kalman ya wallafa wata hanyar lissafi da ke auna yawan shakkar da ke kan kowane ɓangare, ta ba kowanne nauyi gwargwadon amincinsa, ta fitar da ƙiyasi ɗaya tare da faɗin iyakar kuskurensa. Stanley Schmidt na cibiyar Ames ta NASA ya gyara ta don Apollo, shirin Amurka na kai mutane wata. Matatar Kalman muke ce mata, kuma har gobe tana cikin kusan kowane kumbo, da jirgin sama, da wayar hannunki. Kwamfutar da ta sauke Apollo 11 a kan wata a watan Yuli 1969 ma'ajiyarta ta aiki ba ta wuce kalma 2,048 ba, ta kuma yi aikin. Ko a ranar, da Neil Armstrong ya hango inda take kai su cike yake da manyan duwatsu, sai ya karɓi zaɓen wurin sauka da hannunsa, domin kwamfutar ba ta da ido.

Wannan idon shi ne abin da aka kwashe shekara hamsin ana ƙoƙarin ba wa kumbo, kuma ta wannan ƙofa ce abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira ya fara shigowa.

Za ki ce me zai hana injiniyoyi su zauna a ƙasa su tuƙa da na'urar nesa. Nisa ne ya hana. Saƙo zuwa wata yana ɗaukar daƙiƙa ɗaya da 'yan kai. Zuwa duniyar Mars kuwa tsakanin minti 3 ne da minti 22, gwargwadon inda ita da duniyarmu suke a kewayensu. Ranar 9 ga Fabrairu 2021, lokacin da kumbon Amal na maƙwabtanmu Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya isa Mars, sai da ya kunna injinansa na minti 27 don ya rage gudu daga kilomita 121,000 a awa zuwa 18,000. Saƙo a ranar yana ɗaukar kimanin minti 11. Injiniyoyin da ke Dubai ba abin da ke hannunsu sai addu'a da kallon labarin abin da ya riga ya wuce. Kwana tara bayan haka motar bincike Perseverance ta sauka a kwarin Jezero. Daga shigarta iskar Mars da gudun kusan kilomita 20,000 a awa zuwa taɓa ƙasa, kusan minti 7 ne. Kafin labarin shigarta ya iso duniya, ta riga ta sauka.

Jezero wuri ne mai duwatsu da gangare da rairayi mai nutsar da ƙafa, wanda a dā ba za a yarda a sauka a cikinsa ba. Abin da ya sa aka yarda shi ne an ɗora wa kumbon taswirar wurin da wani tauraron ɗan'adam mai kewaya Mars ya ɗauka tun tuni, an yi wa kowane wuri mai haɗari alama. Yana rataye a jikin laimar sauka, kimanin kilomita 4 daga ƙasa, sai kyamararsa ta shiga ɗaukar hoto, kwamfuta tana gwada ramuka da tuddan da ke hoton da waɗanda ke taswira. Kafin wannan gwaji shakkarsa a kan inda yake ta kai kilomita biyu zuwa uku. Cikin 'yan daƙiƙu ta dawo 'yan mitoci. Ya zaɓi wuri mai lafiya mafi kusa, ya karkata, ya sauka kimanin mita 5 daga inda ya zaɓa.

Ke da kike Jidda kin san labarin alhazan da ke ɓata a Mina. Mutum ya fito daga hemarsa zuwa jifa, yana riƙe da lissafi a kansa: na miƙe, na yi dama, na wuce gada. A dawowa lissafin nan ya ɗan goce, amma in ya hango lambar titi ko tutar ƙasarsu sai ya gyara. In kuwa ya faɗa tsakiyar fararen hemomi iri ɗaya ba alama ko ɗaya, duk tafiyar da ya ƙara ɓata yake ƙarawa. Abin da ya samu ɗan jirgi mai saukar ungulu Ingenuity ke nan a Mars. An tsara masa tashi biyar, ya yi 72. Da kyamarar da ke kallon ƙasa yake bin duwatsu da tsakuwa yana auna gudunsa. A watan Janairu 2024 ya tashi a kan tuddan rairayi masu santsi, kyamarar ta rasa abin kamawa, ya sauko yana gudu a kaikaice bai sani ba, fikafikansa suka karye.

Yanzu ga tambayarki ta faɗuwa a wata, kuma akwai misalin da nake so ki riƙe da kyau. Ranar 25 ga Afrilu 2023 kumbon Hakuto-R na wani kamfanin Japan, ɗauke da motar bincike Rashid ta Daular Larabawa, yana saukowa lafiya lau. Injinansa lafiya, na'urar auna tsayinsa lafiya. A hanyarsa ya ratsa ta kan bakin wani babban kwari, inda ƙasa ta zurma kusan kilomita 3 lokaci ɗaya. Na'urar awo ta faɗi gaskiya, ta ce nisan ƙasa ya ƙaru da yawa farat ɗaya. Amma an koya wa manhajar cewa in awo ya yi tsalle irin wannan, ya kauce wa lissafin ciki da nisa, to na'urar ce ta lalace, a daina sauraronta. Wannan ƙa'ida ce mai kyau, kowa yana saka ta, don kada na'ura ɗaya da ta haukace ta halaka kumbo. Sai manhajar ta toshe kunnenta ga shaidan gaskiya, ta ci gaba da lissafin ciki kaɗai. Lissafin ya ce an taɓa ƙasa alhali saura kusan kilomita 5. Kumbon ya ci gaba da saukowa sannu a hankali yana jiran ƙafarsa ta ji ƙasa, har mai ya ƙare, ya faɗo. Binciken kamfanin ya nuna an sauya wurin sauka bayan an kammala babban bitar tsarin, kuma gwaje-gwajen kwamfuta ba su ɗauki yanayin ƙasar sabuwar hanyar yadda ya kamata ba.

Kumbon Schiaparelli na Turai ma a 2016 dangin wannan ya same shi a Mars. Da laimarsa ta buɗe ya yi lilo da ƙarfi har na'urar jin juyawa ta cika ta tumbatsa, lissafi ya nuna wai yana ƙarƙashin ƙasa, ya saki laima, ya kunna injina na daƙiƙa uku ya kashe, ya faɗo daga kilomita 3.7. Duka biyun ba ƙarancin ƙarfin kwamfuta ba ne. Hukunci ne a kan wa za a yarda da shi, a wani yanayin da masu tsarawa ba su hango ba.

Inda aka dace kuwa abin yana da ban mamaki. A watan Satumba 2022 kumbon DART ya daki wani curin dutse mai suna Dimorphos, faɗinsa bai fi mita 160 ba, a nisan kilomita miliyan 11 daga nan, da gudun sama da kilomita 6 a daƙiƙa. Awa huɗun ƙarshe shi ya tuƙa kansa, kuma sai a cikin awar ƙarshe kyamararsa ta iya bambance dutsen da babban ɗan'uwansa da yake kewayawa. Kumbon OSIRIS-REx a 2020 ya taɓa wani curin dutsen mai suna Bennu kimanin mita ɗaya daga inda aka nufa, ta hanyar gane duwatsun da ke ƙasa. SLIM na Japan a Janairu 2024 ya sauka mita 55 daga inda aka nufa a kan wata, duk da ɗaya daga manyan injinansa biyu ya lalace ana dab da sauka.

Duk waɗannan, jaridu kan kira su ƙirƙirarriyar basira, kuma ba na jayayya da sunan, tunda na'ura ce ke gani tana yanke hukunci. Amma akasarinsu ƙa'idoji ne da injiniya ya rubuta layi bayan layi, yana iya buɗewa ya nuna miki dalilin kowane mataki. Haka ma rokar Falcon 9 da ke dawowa ta tsaya da ƙafafunta tun Disamba 2015: wani nau'in lissafi ne da aka tabbatar a takarda cewa zai fitar da hanya mafi kyau cikin lokacin da aka sani, ana maimaita shi tana saukowa.

Ita manhaja mai koyo, wadda ake nuna wa misalai dubu ɗaruruwa har ta gane abu da kanta, tana shigowa ne ta gefe. A 2020 wani ƙaramin tauraron ɗan'adam na Turai, PhiSat-1, ya yi amfani da ita yana tace hotunan da gajimare ya rufe don kada a ɓata lokacin aiko su. Ana gwada ta wajen gane ramukan wata ko da inuwa ta sauya, da gane siffar tauraron da ya mutu yana wulwulawa don a kama shi, da lura da ƙananan alamun lalacewa a cikin dubban lambobin da kumbo ke aikowa. A 2025 masu bincike a Jami'ar Würzburg ta Jamus sun bar irin wannan manhaja ta juya wani ɗan ƙaramin tauraro mai suna InnoCube a sararin samaniya, kuma ta yi. Ki lura da girman abin da aka fara da shi: tauraron gwaji, wanda ko ya lalace ba a rasa rai ba.

Dalilin wannan taka-tsantsan uku ne, kuma ɗaya ya fi sauran nauyi. Kwamfutocin da ke jure burbushin da ke fitowa daga rana da sararin samaniya suna da nawa. Babbar ƙwaƙwalwar kwamfutar Perseverance, mai suna RAD750, megahaz 200 take gudu, wayar da aka daina yayi ta fi ta nesa. Wannan zai wuce, domin Ingenuity da ƙwaƙwalwar waya ta Snapdragon 801 ya yi aikinsa. Sannan misalan koyarwa sun yi kaɗan, tunda inda za a je galibi ba wanda ya taɓa zuwa, sai a ƙirƙiri hotuna a kwamfuta a koyar da ita da su, kuma ƙirƙira ba ta taɓa zama daidai da zahiri. Mai nauyin shi ne tabbatarwa. In na tsara matatar Kalman, zan iya gaya miki iyakar kuskurenta da yanayin da za ta gaza. Manhaja mai koyo tana iya cin gwaji miliyan, ta zo kan yanayin da bai yi kama da komai a cikin darasinta ba, ta ba da amsar banza gaba gaɗi, ba tare da ta nuna alamar shakka ba. Ki tuna Hakuto-R: can aƙalla an buɗe manhajar an ga layin da ya yanke hukuncin. A cikin mai koyo, hukuncin a warwatse yake cikin miliyoyin lambobi.

Ra'ayina shi ne za ta shigo, kuma ya kamata ta shigo, domin akwai wuraren da ba makawa sai da ita. Saukar kudancin wata inda inuwa ke da tsawo tana ruɗa kyamara, da zirga-zirgar dubban taurarin ɗan'adam da ke kauce wa juna, tun bayan karon taurarin Iridium 33 da Kosmos 2251 a 2009 da ya watsa dubban tarkace, duk sun fi ƙarfin mutum ya bi su da hannu. Amma ban yarda a miƙa mata linzami ita kaɗai ba. Tsarin da na gamsu da shi shi ne ta kawo shawara, wata ƙaramar manhaja mai sauƙi wadda aka tabbatar da ita ta tsaya a kanta tana dubawa: wannan umarni zai fitar da mu daga iyakar lafiya? In zai fitar, a ƙi shi, a koma tsohuwar hanya. Dragon ɗin da ya ɗauki Rayyanah ma akwai wuraren da yake tsayawa cak, na ƙarshe mita 20 daga tashar, sai mutane sun duba sun ba da izini ya ci gaba, kuma matuƙa na iya karɓa ta allon taɓawa.

Batun karatu. Ki riƙe lissafi da hannu biyu, musamman aljabara ta jerin lambobi, da lissafin sauyi, da ilimin yiwuwa da ƙididdiga, domin shakka ita ce kayan aikinmu. Ki haɗa da fiziya, ki koyi rubuta manhaja da harshen Python sannan na C. A jami'a, injiniyancin lantarki ko na injina ko na jiragen sama duk suna kaiwa, muddin kin bi darussan sarrafa na'ura. Koyon manhaja mai koyo ya zo a kan wannan tushe, kada ya riga shi. A nan Saudiyya ƙofa tana buɗewa: Yarima Sultan bin Salman ya je sararin samaniya tun 1985, cibiyar kimiyya da fasaha ta KACST da ke Riyad tana ƙera taurari tun SaudiSat-1 na 2000, hukumar sararin samaniya da aka kafa a 2018 an ɗaga matsayinta a 2023. Jami'ar Sarki Fahad da ke Zahran tana da sashen jiragen sama da kumbo, ta kuma fara ɗaukar mata a digirin farko a 2021. Na san da yawa daga cikin 'ya'yanmu batun takardu ne ke tare musu hanya, ba ƙwaƙwalwa ba. In haka ne, ki sa ido kan KAUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Sarki Abdullahi da ke Suwal, arewa da Jidda kaɗan, wadda ke ɗaukar ɗalibai daga ko'ina a duniya a digiri na biyu da na uku tare da tallafi, kuma digirin farko mai kyau daga Najeriya ko wata ƙasa yana iya kai ki can.

Kafin nan akwai abin da za ki iya yi a wannan makon. Ki sauke ɗaya daga manhajojin kyauta da ke nuna lambobin na'urar jin motsi ta waya, ki ajiye wayar a kan tebur minti biyu, ki kwashe lambobin zuwa kwamfuta. Ki cire nauyin jan ƙasa, ki tara su sau ɗaya ki samu gudu, ki sake tarawa ki samu nisa, ki ga mita nawa za ta ce wayar ta yi tafiya. Sannan ki rubuta 'yar manhajar da duk bayan daƙiƙa biyar za ta gaya wa lissafin cewa gudun sifili ne, ki ga yadda kuskuren zai ragu. In kin yi, ki aiko mini da zanen da kika samu, daga nan sai mu hau kan matatar Kalman.